Motar da Aka Hana Don Anacleto Taɓawa

Shekara talatin da huɗu Don Anacleto Limachi ya yi yana wanke motoci yana goge su a bakin titin da ke gangarawa daga El Alto zuwa La Paz. Kayan aikinsa ba su wuce bokiti biyu, da gwangwanin man goge mota, da tsummokin da yake yankowa daga tsofaffin rigunan sanyi ba. Mutum ne da ba ya iya wuce mota bai shafa ta da bayan yatsunsa ba, kuma daga shafawar nan zai gaya maka inda aka taɓa yi mata faci, ko da mai ita ya rantse ba a taɓa ba. Da tsumman nan ya ci da gida, da shi ya yi wa 'yarsa tilo, Nélida, karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Shi kuwa ko tayar mota bai taɓa mallaka ba.

Da Nélida ta ce masa za ta ɗauko sabuwar mota fil daga kamfani, sai ya tafi kasuwa ya sayo ƙyalle mai laushi, irin wanda bai taɓa yarda ya saya don motar wani ba, ya ninke ya sa a aljihun kwat ɗinsa. Burinsa ɗaya ne a duniya: hannunsa ya zama na farko da zai goge motar gidansu.

Ranar ta zo. Mota fara sol ta tsaya a ƙofar gida, maƙwabta suka fito. Ya matso yana laluben aljihu.

"Baba, tsaya! Kar ka taɓa!"

Ya tsaya cak.

"Sun fesa mata maganin kare fenti a kamfani. Garantin shekara biyar. Ga takardar nan: ba wanki sai bayan mako biyu, kuma in aka shafa mata wani mai daban, garanti ya tashi."

"Nawa suka karɓa?"

"Boliviano dubu uku."

"Dubu uku! Awa nawa suka yi a kanta?"

"Sun ce uku."

"Sun ce. Ke kin gani?"

Ya zagaya motar, hannuwansa a baya kamar baƙo a gidan mutane. Ba sai ya taɓa ba, ido ya ishe shi. Ga sawun soso a gefen marikin ƙofa, ga ƙura an rufe ta da ranta a ƙarƙashin maganin. Shi bai ce maganin banza ba ne. Ya ga motocin da mai haƙuri ya zauna ya yi wa, yini guda, kuma sun yi kyau. Amma wannan aikin mai sauri ne, wanda ke da motoci goma a layi yana duba agogo. Ya buɗe baki zai faɗa, ya ga yadda 'yarsa ke murmushi har kunne, sai ya haɗiye. Ƙyallen bai fito daga aljihu ba.

Kashegari labari ya riga shi isa wurin aiki. Doña Prudencia, mai sayar da kunun masara da fanke kusa da bokitansa tun suna da sauran ƙuruciya, ba ta bari ya ajiye kaya ba.

"Sannu, likitan motoci! Na ji an hana ka duba majinyacin gida."

"Soya fankenki, Prudencia."

"Ina soyawa. Ni dai 'yata ba ta taɓa zuwa kamfani a soya mata ba."

Ya yi kamar bai ji ba, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Duk yinin ranar ya goge motocin mutane da fushi, kuma abin haushi, sai suka fi kullum ƙyalli.

Ranar Asabar aka kai motar Copacabana, garin ibada, a sa mata albarka, don ba mai hankalin da zai hau sabuwar mota a hanyoyinmu bai kai ta can ba. A nan kam takardar kamfani ba ta da ta cewa, ado aikin uba ne. Don Anacleto ya ɗaura furanni, ya zagaye bonet da zaren takarda ja da ruwan hoda. Fadan coci ya yayyafa ruwan albarka. Don Anacleto kuma ya girgiza kwalbar giya ya fesa wa tayoyi huɗu da bonet, rabon Uwar Ƙasa da ake girmamawa bisa al'ada, aka watsa gutsattsarin takardu masu launi, aka yi ta tafi. Rabonsa da dariya irin ta ranar an daɗe.

Suna isowa gida da la'asar ya ɗauko bokiti.

"Baba, ina za ka?"

"Wanke ta zan yi. Jar takarda ta sha giya, rini take zubarwa. Kowa ya dawo daga Copacabana wanke motarsa yake yi."

"Saura kwana tara."

"Nélida, ruwa ne kawai. Ruwa! Ba mai, ba sabulu."

"Takarda ta ce ba wanki. Kuma ai amfanin maganin ke nan, ba abin da ke kama shi."

"Ni da na shekara talatin ina..."

"Baba, don Allah. Wannan ba irin motocin bakin titi ba ce. Aikin ƙwararru ne."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ma ta fi ciwo. Ya dube ta, ya dubi bokitin da ya biya mata kuɗin makaranta, ya tuttular da ruwan a kwata. Bai sake ta da zancen motar ba, bai kuma sake shiga cikinta ba.

Kwana tara motar ta yi a filin asibiti, a ƙarƙashin ranar nan tamu mai gasa fenti. Da aka wanke, giya ta fita, ƙura ta fita, amma jajayen layuka suka zauna daram a farin bonet. Nélida ta koma kamfani da takardarta. Wani mai laktaye ya karɓe ta da fara'a, ya juya takardar, ya nuna mata ƙananan rubutu a baya.

"Ranki ya daɗe, garanti bai shafi giya ba, da rini, da kashin tsuntsu, da ƙanƙara."

"To me ya shafa?"

"In fentin ya dusashe da kansa."

"A cikin gareji ke nan, in na rufe ta da bargo?"

Ya yi murmushi, ya ce za su iya sake fesa mata, da ragi.

Da hantsi ta faka a bakin titin da mahaifinta ke aiki, bayan wata tsohuwar tasi. Doña Prudencia ta rage wutar kaskonta don kar komai ya wuce ta.

"Baba."

"Akwai layi."

Ta jira. Ya gama tasin nan a tsanake, har da goge lamba, abin da ba ya yi wa kowa. Sannan ya zo ya tsaya gaban bonet.

"In taɓa?"

Ta sunkuyar da kai. Ya sa bayan yatsunsa ya shafa, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Rinin bai kai ga fenti ba. Maganin naku bai gama bushewa ba, shi ya shanye shi. In zan cire, da maganin zan cire. Garantinki ya mutu ke nan."

"Cire, Baba."

Awa biyu ya yi a sunkuye, yana zagaya hannu kaɗan-kaɗan, gwiwoyinsa na ƙara, yana mita ƙasa-ƙasa a kan dubu ukun da aka zubar. Da ya miƙe, babu ja ko ɗigo. Sai dai wata matsalar ta ɓullo: bonet na ɗaukar ido, sauran jikin motar kuwa ya koma kamar an shafa masa toka.

"Haba Baba, haka zan riƙa yawo da ita, rabi da rabi?"

"Oho. Takardarki me ta ce?"

Nélida ta buɗe mota, ta ɗauko takardar, ta miƙa wa Doña Prudencia.

"Inna, naɗe wa Baba fanke biyu a ciki."

Nélida ta naɗe hannun rigarta, ta tsoma hannu a bokiti ta ɗauko wani tsohon tsumma.

"Ajiye wannan," in ji shi, fuskar nan a ɗaure. "Na motocin bakin titi ne."

Ya sa hannu a aljihun kwat, ya zaro ƙyallen nan, yana nan a ninke yadda ya sayo shi.