Yadda Na Rabu da Akori-kurata Saboda Bakin Mutane

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya faru, ni malamin gona ne da bai daɗe da ajiye aiki ba. Ina zaune a Birnin Kudu da iyalina, ina da gona a wajen Yalwan Damai inda nake shuka riɗi da dawa, sai wata fadama da na gada ta wajen mahaifiyata a can Fagam, ƙasar Gwaram, inda nake noman kankana da rani. Sama da shekara talatin na yi ina yawo ƙauyuka a kan babur ina koya wa manoma yadda za su yi shuka, har na saba da in faɗa a ji. Abin da ban sani ba game da kaina shi ne, mutumin da ya saba a saurare shi ba ya iya jure a yi masa dariya. Wannan halin ne ya ja mini abin da zan ba ku labari.

Da aka biya ni kuɗin sallama, burina ɗaya ne, in mallaki motar da za ta riƙa ɗaukar mini taki da amfanin gona, in huta da roƙon direbobi. Kowa a garinmu ya san irin akori-kurar da ake saye, wadda ko a ƙauye aka tsaya za a sami mai gyara ta. Na taya guda biyu, na ga kuɗina ba su kai ba. Ana cikin haka na ji wani kamfanin aikin hanya ya gama kwangilarsa yana sayar da motocinsa, na je na gani. A cikinsu akwai wata ƙatuwar akori-kura mai ƙofa huɗu, injinta silinda takwas, bodinta ya fi na waccan da kowa ke so faɗi da tsawo, amma babu mai ko kallonta domin ba a san irinta ba. Tsohon direbanta ya ja ni gefe ya ce mini shekarun da ya yi yana tuƙa ta ba ta taɓa kwantar da shi a hanya ba, in dai zan riƙa yi mata juyen baƙin mai a kan lokaci, kuma in hana duk wanda bai san ta ba taɓa wayoyinta. Na saye ta a kan kuɗin da bai kai rabin na waccan ba.

Shekara uku motar nan tana yi mini bauta, kuma ko a gaban wa zan faɗi haka. Tana shan fetur, wannan gaskiya ne, musamman da mai ya yi tsada sai da na riƙa lissafin kowace fita. Amma abin da wata za ta yi sahu biyu ta kwasa, ita sau ɗaya take ɗauke shi. Hanyar fadamata da damina ko babur sai an tura, ita kuwa in na sa mata giyar da ke jan ƙafafu huɗu sai ta ratsa taɓon kamar tana kan kwalta. In ban da birki da tayoyi da batir, ban san na sayi wani abu ba. Maiɗakina ta fi ni son motar, domin in za mu gaishe da 'yan'uwa a Gwaram dukanmu take ɗauka, mu shiga da sanyinmu mu fita da sanyinmu.

Matsalata tana majalisarmu, inda muke zama bayan la'asar da tsofaffin abokan aiki. Tun ranar da na kawo ta suka sa mata suna Marainiya, wai ba ta da uwa ba ta da uba, ba ta da dangi a kasuwar kayan gyara. Da farko nakan yi dariya tare da su. Sai wata rana saniya ta fasa mini fitilar gaba ɗaya a hanyar kasuwa, na yi mako shida ina jira kafin a samo mini irinta daga kudu. Mako shidan nan kullum sai an tambaye ni ko an sami dangin Marainiya. Wani daga cikinsu, wanda har yau babur yake hawa, ya ce ai duk mai hankali in zai sayi mota yakan fara tunanin ranar da zai sayar da ita. Na haɗiye maganar, amma ta zauna mini a ƙirji.

A shekara ta huɗu, daidai lokacin da kankanata ta kusa isa yanka, motar ta fara wani ciwo. In na yi tafiya mai nisa inji ya yi zafi, sai ta mutu ba gargaɗi. In na bar ta ta huce kamar rabin awa, da na murza makulli sai ta tashi kamar ba ita ba. Na kai ta wajen wani dattijon bakanike da ke yi mini juye tun farko. Ya buɗe, ya saurara, ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe bonet ya goge hannunsa. Maganarsa har yau tana kunnena: "Malam, injin nan lafiyarsa ƙalau. Ciwon na wuta ne, ni kuma ban san wutar wannan motar ba. Ka kai ta Kano wajen masu sa kwamfuta, kada ka bari kowa ya kwance mata komai a nan." Ya ƙara da cewa akwai wanda ya sani a can, amma ya yi tafiya, sai bayan kwana goma zai dawo. Ya ce kafin nan in riƙa lallaɓa ta a gajeriyar tafiya.

Kwana goma! Ni da kankana ke jirana, ga 'yan majalisa sun riga sun ji labari, domin ɗayansu ya wuce ni a tsaye a bakin titi da bonet a buɗe. A ranar aka haɗa ni da wani bakanike mai baki, wanda ya ce shi babu motar da ta taɓa gagarar sa, kwamfuta kuma ƙaryar 'yan birni ce ta cin kuɗin mutane. Ya yi mini alkawarin kwana biyu. Da na koma gida na gaya wa maiɗakina, ta ce ita a ganinta wanda ya ce bai sani ba ya fi gaskiya, in yi haƙuri in ɗauki hayar mota wannan karon kawai. Na rufe ta da faɗa, na ce yaushe ta fara sanin mota, kuma ni ba zan je tasha neman haya ba alhali duk gari an san ina da tawa.

Kwana biyu suka zama mako bakwai. Da farko ya ce famfon mai ne, aka sauke tanki, aka sa na wata mota, ciwo na nan. Ya ce filogi ne, aka canja duka takwas, ciwo na nan. Ya kira wani mai rewaya suka shiga yanke wayoyi suna haɗawa, daga nan motar da take tashi ta yi tafiyar awa guda ta daina tashi gaba ɗaya. Sai ya ce ai dama ciwon a cikin inji yake, ya kwance kan injin ya baza kayan a kan buhu a ƙasa. Kullum in na je garejin sai in tarar da wani uzuri, yau an aika Kano, gobe abin da aka kawo bai shiga ba. Wata rana na ga akuya kwance a ƙarƙashin motar tana tuƙa, ga notuna a warwatse cikin yashi, na ji kamar in ɗora hannu a ka. Sau uku ina wucewa ta gaban garejin dattijon nan, kunya ta hana ni tsayawa. Kankana kuwa ba ta jiran kowa. Da na gane dole in nemi haya, lokacin ya ƙure, motoci duk suna kan wasu gonakin. Dillalai suka same ni a fadama suka saya yadda suka ga dama, wadda ta riga ta fashe kuma muka bar wa shanu.

Haushin asarar nan duk a kan motar na ɗora shi. Ban ɗora wa bakaniken ba, balle kaina. Na rantse sai na rabu da ita. A nan na ga abin da ake nufi da motar da ba ta da kasuwa. Duk dillalin da na kira, da ya ji sunanta sai ya ce zai neme ni. Waɗanda suka zo da gaske 'yan gwangwan ne, suna ƙiyasta nauyin ƙarfenta a gabana. Daga ƙarshe wani Alhaji mai fataucin shanu daga Kwandiko ya zo, ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tambaye ni yadda ciwon ya fara tun kafin a taɓa ta. Na ba shi labari, ya saurara da kyau. Har ya tambaye ni ko na tabbata ina son sayarwa, domin shi a ganinsa motar ba ta mutu ba. Na ce ko kyauta aka ce in ci gaba da riƙe ta ba na so. Ya ɗan ɗara 'yan gwangwan kaɗan, na miƙa masa takardu, aka tattara kayan injin a buhu biyu, janwe ya ja ta ina kallo.

Na haɗa abin da na samu da kuɗin riɗin da na ajiye tun kakar baya na sayi irin wadda kowa ke yabo. Kuɗin nawa tsohuwa kawai suka iya kaiwa, wadda ta sha lodi a hannu uku kafin ni. A majalisa aka yi mini barka, aka ce yanzu na shigo cikin mutane. Gaskiya suka faɗa, kayan gyaranta na ko'ina, ni shaida ne, domin kusan kowane mako sai na saya. Yau hayaƙi, gobe giya, jibi zafi. Kowane bakanike ya san ta, shi ya sa duk sun san ni.

Bayan wata biyu ina tsaye a gidan mai sai ga tsohuwar motata ta shigo, an wanke ta tas, da bijimai uku a baya, injinta na wannan ƙugin da na sani. Alhajin ya sauko muka gaisa. Ban tambaye shi ba, shi ya gaya mini. Ya ce da suka kai ta Kano, aikin da ya fi cin lokaci shi ne mayar da abin da aka kwance da gyara wayoyin da aka yanke. Ainihin ciwon kuwa wani ɗan abu ne da bai fi babban yatsa ba, wanda ke gaya wa inji lokacin ba da wuta, in ya yi zafi sai ya daina aiki. Ya ce mai kwamfutar bai yi minti goma ba ya gano shi. Na tambayi sunan mai gyaran, ashe mutumin nan ne da dattijo ya ce in jira.

Abin bai tsaya nan ba. Da kaka ta yi na yanke riɗi na kakkaɓe, tawa motar tana gareji an sauke mata giya, ga buhuna a gona. Na rasa yadda zan yi, na cire kunya na kira Alhajin neman haya. Ya turo direbansa da motar, ya kuma ce kada a karɓi komai a hannuna sai mai. Da muka gama lodi direban ya miƙo mini makulli, ya ce Alhaji ya ce in tuƙa da kaina tunda na fi shi sanin hanyar. Na zauna a kujerar da na yi shekara uku a kanta, na tuƙo ta tun daga Yalwan Damai har cikin gari. Da yamma na kira Alhajin na yi godiya, na ce ko zai sayar mini da ita in ƙara masa riba. Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, yanzu haka ma cigiyar irinta ta biyu yake yi.

Na ba maiɗakina haƙuri, ta ce ya wuce, Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Na je na gaishe da dattijon bakanike, bai ce mini ai na gaya maka ba, ya dai ba ni benci na zauna. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Ba ina cewa kowa ya je ya sayi motar da ba a sani ba. Tana da wahalarta: kayanta sai an jira, masu gyaranta ba su da yawa, ranar sayarwa kuma sai an yi haƙuri. Duk wanda zai saya ya fara neman wanda ya san ta, ya riƙe shi da kyau, ya kuma yarda cewa wata rana zai yi jira. Amma in ka riga ka mallaki abu ya yi maka shekaru yana aiki, kada ka yanke masa hukunci ranar da kake cikin fushi, kada kuma ka miƙa shi ga wanda ya ce ya san komai. Ku ji tsoron mai gyaran da bai taɓa cewa ban sani ba. Su kuma masu yi maka dariya a inuwa, ku lura, ba sa zuwa gona ranar da amfaninka ke ruɓewa. Kwana goma kawai aka ce in jira, na ƙi. Yau shekara biyu ke nan, kuma duk ranar kasuwa sai na matsa gefen titi da tawa mai hayaƙi na ba Marainiya hanya ta wuce.