Mai Wankin Ƙafafu a Gangaren Jinbol

Gu Jomne ta kusa kashe mijinta saboda kishi, ta kuma ɓata sunan matar da ba ta taɓa yi mata komai ba. Duk mutumin Jinbol ya san haka, amma kowa ya kame bakinsa don kada a ce ya shiga sha'anin gidan wani. To, a nan za a faɗa, domin ba a iya yi wa Pyo Malsun jinjinar da ta cancanta sai an ambaci abin da aka yi mata.

Malsun ba ta da agogo sai teku. Idan ruwa ya janye ya bar laka shimfiɗe har inda ido ya gaza, matan ƙauyen sukan jawo katakonsu su gangara, kowace ta ɗora gwiwa ɗaya a kai tana tunkuɗawa da ɗaya ƙafar, su nausa haƙar ƙumba, ɗan naman tekun nan mai ɓawo da ke ɓuya a laka. Malsun kuwa takan tsaya a kan gangaren siminti da tiyon ruwan famfo a hannu, sabulu a cikin roba, kwalbar aidin a aljihu. Da can ita ma tana cikinsu. Gwiwa ce ta lalace mata, ƙungiyar masunta ta ba ta aikin wanke katako da kwanduna don kada ta zauna a gida, ga ta gwauruwa, 'ya'ya duk sun tafi birni.

Wankin ƙafa babu wanda ya sa ta. Ta fara shi ne a bazarar da ɓawon ƙumba ya ƙwarzani tsoho Bang a diddige, aka yi masa dariya don ya yi raki, aka kuma binne shi kafin a gama cin kifin da ya kamo. Idan zafi ya tsananta ruwan gaɓa ya yi ɗumi, akwai ƙwayar cuta da ke yawaita a cikinsa. Ƙaramin yanka ya ishe ta ƙofa. Ta shiga sai ta kama cin nama, kuma ba ta jira. Mai ciwon hanta, mai ciwon sukari da mashayi su ta fi saurin kayarwa. Tun daga lokacin duk wanda ya hauro daga laka sai ya tuɓe wandon roba ya miƙa wa Malsun ƙafa. Ta wanke, ta buɗa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta duba hannuwa. Idan ta ga rauni, ta saɓe shi da sabulu, ta ja katakon mai shi ta kulle a rumfa.

Sai ka ji wata ta ce, "Haba Yaya, wannan ɗan ƙwarzanen? Ko kyanwata ta fi yi min haka."

"To je ki yi wasa da kyanwar taki. Katakonki yana wurina sai ya rufe."

"Ƙumbar kuma wa zai haƙo min?"

"Ƙumba ba ta da ƙafar gudu. Ke ce mai ƙafa, ki riƙe abarki."

An zage ta, an yi mata gori, an ce ba ta son ganin kwandon kowa ya cika tunda nata babu. A wannan maganar akwai ɗan abin gaskiya, kuma ba za a ɓoye shi ba. Malsun tana kishin matan nan. Idan suka zame a kan laka suna ƙanƙancewa kamar tsuntsaye, takan bi su da ido har ruwan tiyo ya jiƙa mata takalmi ba ta sani ba. Wadda ta fi tsaya mata a rai ita ce Jomne, domin a duk gaɓar babu mai gudunta, babu mai cika kwando kafin ita. Malsun takan dafa gwiwarta ta ce a ranta, da ni ce. Amma kishinta bai taɓa sa ta ta ƙi duba ƙafar kowa ba. Ƙafar Jomne ma ta fi wanke ta da kyau.

Kishin Jomne daban ne. Ita ce gwana, amma idan aka hauro, a robar Malsun ake jefa ɗan ƙumba hannu hannu, Malsun ake gaisarwa da farko, ita ake raɗa wa ciwon da ake jin kunyar faɗa a gida. Ga kuma tsohon zance, wai uwar Dokcil, mijin Jomne, Malsun ta fara nema wa ɗanta kafin magana ta watse. Yanzu duk sun yi furfura, amma zancen bai tsufa a zuciyar Jomne ba. Dokcil mai kafa raga ne a bakin mashigar ruwa, mai son giyar soju har idonsa ya yi rawaya. A gida ba ya magana. A gangare kuwa, da ruwan sanyi ya taɓa masa tafin ƙafa, sai ya fashe da dariya kamar yaro.

"Baban Sunhi, ashe kana da haƙora?" in ji Jomne ga mijinta wata rana, a gaban mutane. "Ni ban taɓa ganinsu a gida ba. In ta gama da ƙafar sai ka miƙa mata bayanka."

"Cakulkuli nake ji, mata, me ya yi zafi?"

"Ai na ga alama."

Malsun ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Matso da taki, ƙanwata, layi ya zo kanki."

Jomne ba ta matso ba. Ta hana mijinta bi ta gangare, sannan ta shiga zauren taron ƙauye inda tsofaffi ke shan iska, ta saki magana, wai gwauruwar nan ba ta sauri sai a ƙafar mata, in ta kama ta namiji sai ta manta da famfo a buɗe. Ƙarya ce, kuma waɗanda suka ji sun san ƙarya ce. Duk da haka matan aure suka fara hararar mazajensu, mazan kuma, matsorata, suka koma haurowa ta kan duwatsu a bayan rumbun gishiri. A tsakiyar watan zafi aka yi haka, lokacin da ruwan gaɓa ke ɗumi kamar na wanka. Malsun ta ji komai. Ta ci gaba da fitowa, tana kallon mazan da ta san iyayensu suna zagaye ta da laka a ƙafa.

Ana nan sai ɓawon da ya maƙale a turken raga ya tsage wa Dokcil ƙauri. Ya bi ta duwatsu ya tafi gida. Jomne ta buɗe tulu ta ɗebo daddawar waken suya ta shafe raunin, ta ɗaure da tsumma, yadda ta ga kakarta na yi wa kowane ciwo. Ta ce masa, "Ka ga? Mu ma mun iya."

Washegari ruwa ya janye, Malsun ta hango tsuntsayen teku sun yi dandazo a kan ragar Dokcil suna wasoson kifi. Mutumin da ko ya kwana yana shan giya ba ya barin ragarsa. Ta rufe famfo, ta kama hawan tudu da gurguwar gwiwarta, tana dafa katangun mutane. Jomne ta tare ta a bakin ƙofa.

"Yanzu kuma har gida ake biyo shi?"

"Ina Baban Sunhi?"

"Zazzaɓi ne, da giyar jiya. Ba ruwanki."

"Ya ji ciwo a laka?"

Jomne ta ƙara tare ƙofar. Malsun ta ce, "Zage ni gobe, zage ni jibi, zan tsaya ki gama. Yau dai matsa."

Ta ture ta ta shiga. Dokcil na kwance a ƙasa yana karkarwa, bai ma gane ta ba. Ta kwance tsumman, warin daddawa ya tashi. Ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, jan ya wuce inda aka ɗaure yana hawa, ga bororo baƙaƙe cike da jini. Malsun ta taɓa ganin irinsu a jikin tsoho Bang. Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa Pansu kira, direban da ke kai ƙumba kasuwa, ta ce ya zubar da kwandunan ya juyo da mota.

"Inna, kayan mutane ne fa."

"Wannan ma mutum ne. Babban asibitin birni, kada ka tsaya a ɗakin shan magani. Ka ce musu rauni ne a ruwan teku, kuma mai ciwon hanta ne. Maimaita min."

Ya maimaita. Aka ciccibi Dokcil. Jomne na tsaye hannu a ka. Malsun ta ja ta ta tura cikin mota. "Shiga ki riƙe masa kai. Mijinki ne, ba nawa ba."

Ita ba ta bi su ba. Ta gangara ta koma ta buɗe famfo, domin ruwa ya fara dawowa, mata kuma na haurowa. A asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitoci suka ce da an kai yamma, gawa za a mayar gida.

Malsun, ke ce mai durƙusawa da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa don ki duba diddigen wanda ya zage ki jiya. Ke ce aka yi wa ƙazafi kika ƙi yin fushin da zai ci ran wani. Kin yi kishi kamar kowa, amma kin ɗaure naki, bai ciji kowa ba. Ba a taɓa rataya hotonki a zauren taro ba, babu wanda ya zo daga birni ya sha hannu da ke. Mutane nawa ke tafiya da ƙafa biyu a ƙauyen nan saboda ke, su kansu ba su sani ba, domin ciwon da aka tare ba ya barin tabo. Sannu da aiki, uwar gangare. Mun gode.

Ku kuma mazan da kuka bi ta bayan rumbun gishiri don tsoron bakin mace, ku ji kunya. Mai rauni kada ya shiga ruwan gaɓa da zafi. Wanda ya ji ciwo a ciki ya fito ya wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, daddawa ta miya ce. Wanda ya ga ƙafa ta kumbura da zazzaɓi ya nufi asibiti a ranar, ba washegari ba. Kowane ƙauye a gaɓar nan ya nemi tasa Malsun, kuma in ya same ta ya kare mata mutunci.

Ƙungiyar masunta ta zauna a kan maganar Jomne. An karɓe katakonta, an hana ta shiga laka har ƙarshen kakar ƙumba. Dokcil kuwa, tunda ba zai ƙara kafa raga ba, an ba shi aikin riƙe tiyo a gangare. Jomne ce ke turo shi a keken guragu duk lokacin da ruwa ya janye, ta ajiye shi kusa da Malsun, ta koma gida ita kaɗai.