Uwar Maƙerar da Kawu Inuwa Ya Riƙe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Inuwa, yayan mahaifiyata, amma har yau in na bi ta zaurensa a Gwammaja raina ba ya kwanciya.

Kawu ƙanin Sarkin Maƙeran unguwarmu ne. Da sarkin ya rasu kowa ya ɗauka shi za a naɗa, sai dattawa suka tsallake shi suka ba ɗan marigayin, Habibu, wanda Kawu ne ya koya masa riƙon masaba, gudumar ƙira. A al'adar gidan, naɗi ba ya cika sai sabon sarki ya bugi uwar maƙerar kakanni, wato ƙaton ƙarfen da ake ƙira a kansa. Kawu bai yi gardama da kowa ba, sawa ya yi aka ciccibi ƙarfen nan aka kai zaurensa. Habibu da rawani, shi da uwar maƙera, kowa ya tashi da rabin sarauta.

Bai taɓa ce wa Habibu sarki ba. "Yaron nan" yake cewa, har yaron ya yi furfura. Ranar Sallah yakan shimfiɗa buzu ya jira masu gaisuwa, mu dangi kaɗai ke zuwa, mu ma rabi don tuwo. Wata rana ya ji a rediyo labarin wani ɗan sarkin Sifaniya da aka hana gadon yayansa aka ba 'yar yayan, ya mutu a baƙuwar ƙasa yana kiran kansa sarki. Kawu ya ce, "Ka ji ɗan'uwana! Ashe har Turawa ana yi wa haka." Muka yi ta dariya. Yanzu abin ba ya ba ni dariya.

Me zai ce da zai ga yau? Wutar maƙerar ta mutu, 'ya'yansa walda suke yi a Ƙofar Ruwa. Habibu kuwa yana kwance, jiki ya ƙi. Makon jiya ya aike ni wajen Sabo, babban ɗan Kawu, a taimaka a kai masa ƙarfen ya ɗora hannu, don a kansa mahaifinsa ya yi aiki. Sabo ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, Baba bai ce a bayar ba."

An ce zumunci a ƙafa yake, to tawa ta fara gajiya. Kawu mutum ne mai kyauta, garemaninsa har yau ana noma da su a ƙauye. Ina ƙaunarsa, ina kuma jin haushinsa. Ya bar wa ɗansa rigimar da ɗan ba ya iya janyewa, mai iya janyewar kuma yana kabari. Ni dai har yanzu ban koma wajen Habibu ba, don ban san abin da zan faɗa masa ba.