Kwali a tagar hawa na biyar

Jiya da la'asar na fito daga kicin, sai na ga jikata Hanifa tsaye kan kujera, kanta da hannu ɗaya a waje ta taga, ta gefen AC, tana kiran tantabaru. A hawa na biyar muke, a unguwar Morrisania.

Ban yi ihu ba, don kada ta firgita. Na lallaɓa na cafki rigarta ta baya, na fizgo ta. Na rungume ta a ƙirjina.

Ubanta, ɗana Bashir direban tasi, shi ya canza mana AC, don danshin garin nan ya sa tsohon ya yi fumfuna. Sabon bai cika tagar ba. Ya cire ƙarfen tagar da ke tare yara kada su faɗo, ya toshe gefen da kwali. Kwalin nan Hanifa ta ture.

Na kira shi a waya, na gaya masa.

"Haba Mama, na ɗan lokaci ne. Mai kula da ginin zai zo ranar Litinin ya gyara."

"Litinin? Kun yi alkawari da Mala'ikan Mutuwa zai jira Litinin? Ajiye tasin nan ka zo yanzu!"

Ya zo, ya sauke AC, ya mayar da ƙarfen, ko kallona bai iya yi ba. Tun jiya gumi muke sha, ban yarda kowa ya yi ƙorafi ba.

Iyaye, gidan da ke da yaro ba a aikin ganda. Ku tashi ku tura gefen AC ɗinku da hannu, ku dawo ku gaya mini gaskiya.