Mai Soya Ayaba a Tasha

A tashar motocin da ke zuwa Santo Domingo akwai wata dattijuwa mai soya ayaba, gajeriya, da koɗaɗɗiyar hula a ka, hannuwanta duk tabon mai. Direbobi biyu na tsaye gabanta suna musu kan kulob ɗinmu na besbol, wasan jefa ƙwallo a buge ta da sanda. Jiya ma muna gaba da ci huɗu, amma masu jefa ƙwallon da ake sakowa a ƙarshen wasa suka zubar, aka cinye mu.

"Shugabannin nan sun ƙi ɗauko wani sabon mai jifa," in ji mai gemu a cikinsu. "Kullum Radhamés, kullum Radhamés!"

"Bar wannan ragon," in ji ɗayan. "Kakata ta fi shi hannu."

Dattijuwar ba ta ɗago ba. Tana juya ayabarta ɗaya bayan ɗaya.

"Kwana biyar a jere suna sa shi jifa," ta ce, kamar da kaskon take magana. "Yanzu da hagu yake cin abinci. Cokali ya gagari hannunsa na dama."

 Uwar Radhamés ce, ko goggonsa, ban sani ba, kuma ba mai ƙarfin halin tambaya.

Ta dubi wanda ya yi zancen kakarsa.

"Yallaɓai, a sa maka gishiri?"