Rigar da ba ta tuɓuwa

A lokacin da wannan abu ya faru ni matashiyar tela ce a Kara-Kara, cikin Zinder. Ina da keken ɗinki ɗaya a zauren gidan haya, da ɗiya ɗaya 'yar shekara biyu da 'yan watanni, da kuma son yabo da ya fi ƙarfina. Na rubuto wa wannan mujalla ne domin har yanzu ina ganin iyaye mata na yin irin abin da na yi, sai dai nawa ya fi nasu muni, saboda ni allura ce sana'ata.

Ɗiyata ba ta zama da kaya a jiki. In na shirya ta da safe, kafin in sa zare a keke ta tuɓe, ta cusa rigar bayan randa, ta fito tana dariya. Babanta shi ma dariyar yake yi, ya ce in bar ta ƙuruciya ce, ya hau babur ya tafi kabu-kabunsa. Ai shi ba ya nan lokacin da masu kawo ɗinki ke zaune. Wata ta ce ashe gidan tela ma ana rashin sutura. Wata Hajiya kuma, wadda ita ce babbar mai kawo mini aiki, ta ja ni gefe ta ce 'ya mace ce, in ta saba da haka ba za ta tashi da kunya ba, kuma ni za a zaga. Maganar ta tsaya mini a rai. Na yi faɗa, na yi tsawa, na make ta a cinya, duk a banza. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kayan nata masu tsada ne. Duk ƙyallen leshi ko shadda da ya rage daga ɗinkin manyan mata ita nake haɗa wa, har da shafin roba a ciki, don in an gan ta a san ɗiyar wa ce.

Sai bikin ɗiyar Hajiyar nan ya zo a tsakiyar bazara, kuma ni na ɗinka ankon. Na ƙudurta a raina ba za a yi mini dariya cikin taro ba. Na yanka wa yarinyar riga haɗe da wando daga ragowar leshin ankon, mai dogon hannu, wuya a matse, na sa zif ɗin ta baya. Ranar bikin, bayan na zura mata, na ɗauki allura na ɗinke kan zif ɗin da wuyan rigar, yadda ko ta kai hannu ba zai sauka ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin dabarata a ranar.

A gidan bikin an kafa rumfar tamfal a tsakar gida, mata maƙil, iska ko kaɗan babu. Yarinyar ta fara jan wuyan rigar tana kuka, tana cewa in cire. Na buge hannun, na ce ta yi mini shiru. Da ta ƙi sai na goya ta, na ɗaure da majanyi, na rufa mata mayafina, na ci gaba da karɓar yabon ɗinki. Ta yi kuka har ta daina, na ɗauka barci ne. Wata tsohuwa da ke zaune a bayana ce ta taɓa ni, ta ce in yi maza in sauke yarinyar nan, kanta ya langaɓe kuma idonta bai rufe duka ba. Da na sauke ta, jikinta kamar tukunyar da aka ɗauke daga wuta, leɓɓanta a bushe, ba ta amsa kira. Matan suka ce a tuɓe ta a zuba mata ruwa. Na juya ta na kama zif, sai na tuna da hannuna na ɗinke shi, kuma ɗinki mai ƙarko na yi. Na sa farce, na sa haƙori, zaren bai tsinke ba, sai da aka nemo reza aka tsaga rigar. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa tsanar hannuna haka ba.

A asibitin unguwa aka yi mata ƙarin ruwa, Allah ya sa ta farfaɗo. Malamar asibitin ta ɗaga mata hannuwa ta nuna mini hammatarta da wuyanta, duk ƙuraje sun yi ja, wasu sun fashe. Ta ce waɗannan ba na yau ba ne. Ni kuwa kullum ina ganinsu wurin wanka, ina cewa ƙurajen zafi ne, in barbaɗa hoda in wuce. Ta tambaye ni ko akwai rigar da yarinyar ba ta tuɓewa. Akwai kuwa. Wata koɗaɗɗiyar rigar auduga ce da babanta ya sayo a gwanjo, wadda nake ɓoyewa don kada masu ɗinki su gani. Ita kaɗai take wuni da ita a jiki. Ashe duk tuɓe-tuɓen nan gaya mini take yi leshi da shafin roba na cin jikinta, bakinta ne bai kai ya faɗa ba.

Abin da nake so iyaye mata su ji shi ne, in ƙaramin yaro ya dage da tuɓewa, a duba fatarsa tukuna, a shafa cikin rigar da hannu, a lura ko zafi ne ko fitsari yake ji. Kunya za a koya masa a hankali, kamfan auduga ma ya isa a gaban baƙi. Kada kuma a sa wa yaro abin da ba za a iya cirewa da sauri ba, ko da duk matan unguwa sun taru suna surutu. Ni tsoron bakin mutane ya kusa raba ni da ɗiyata.

Yanzu tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, kuma ta fi ni kunya. Ta ce ba ta tuna ranar ba. Amma har yau in na ɗinka mata sabuwar riga, kafin ta zura kai sai ta juya ta ta duba bayanta, in ta ga zif ta ajiye.