Ba a Goge Sunan Magini Don Ya Mutu

Ina saman wani bene a Tumfure muna zuba kankare aka kira ni a waya, aka ce ƙanena Dakta Sa'idu ya yi haɗarin mota a hanyarsa ta dawowa Gombe, ko asibiti ba a kai da shi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san ni sun san ba wanda ya ɗora ni. A aji uku na bar sakandare. Na ɗauki kwanon sarki, na zama magini, na sayi injin buga bulo, na sayi tifa. Daga Bagadaza zuwa Gabukka akwai gidajen da hannuna ya tayar, kuma ban taɓa zama a falon wani ina jiran alfarma ba. Amma a duk abin da na gina, ba wanda nake taƙama da shi kamar Sa'idu. Ni na riƙe shi bayan rasuwar Baba, har ya zama mai bincike a kan kansar huhu.

Mutum ne mai haƙuri da tambaya. Wata Juma'a ya same ni a wurin aiki, na ce masa, "Kai likitan da ba ya allura, me kake leƙe a gilashi shekara da shekaru?"

Ya yi dariya ya ce, "Hamma, 'yan sana'arku nake bincika. A jikin mutum akwai wasu ƙwayoyi magina. In ka yanke, su ke zuwa su yi faci. To ƙarin da cutar kansar ke fitarwa ba ya zama shi kaɗai, unguwa yake kafawa. Shi da maginan nan suna aika wa juna wani sinadari, FGF muke ce masa, saƙonsa ɗaya ne: ku girma, ku yi gini. Sai su zagaye shi da katanga, a jawo masa jijiyoyin jini kamar bututun famfo. In magani ya zo, sai ya tarar da gida a katange."

Na ce, "Ashe leburori ne suka yi wa ɓarawo gini."

Ya ce, "Ba su san ɓarawo ba ne, kira suka amsa. Ni kiran nake so in katse."

Yakan ce, "Wanda bai san maƙwabtan ciwo ba, bai san ciwon ba." Duk majinyacin da aka ɗebi naman huhunsa don bincike, sai Sa'idu ya je gaishe shi. Akwai Madam Ngozi mai shagon fenti, wadda ko taba ba ta taɓa sha ba ciwon ya kama ta. Har ta rasu yana kai mata kunun gyaɗa.

A zaman makoki na ji wani yana cewa, "Allah sarki, ko kilinik bai buɗe ba." Na ƙyale shi. Abin da ban ƙyale ba shi ne maganar wani abokin aikinsa, wanda ya ja ni gefe ya ce binciken ya kusa fita, amma tunda Sa'idu ba ya nan ya sa hannu, za a gode masa a ƙasa, cikin ƙananan rubutu.

Na ce, "Malam, mu a sana'armu, in an gama zuba harsashi, magini yakan ɗauki ƙusa ya rubuta sunansa a ɗanyen siminti. In ya mutu kafin a yi rufi, wanda ya ƙarasa ba ya kankare sunan."

Ban iya karanta Turancin da ke cikin binciken nan ba, amma na san wanda ya haƙa ramin harsashinsa. 'Yarsa Amira za ta girma ta tambayi me ubanta ya yi a duniya, kuma ba zan nuna mata ƙasan takarda ba. Ku da kuka yi aiki da shi, ku sa sunan Sa'idu a sama, cikin jerin masu aikin. In sa hannu ake buƙata, ga nawa, kuma zan yi ta zuwa ofishinku har in ga an rubuta.

Ya Allah ka jiƙan Sa'idu, ka yalwata kabarinsa, ka sa wahalar da ya sha don marasa lafiya ta zama sadaka mai gudana. Ka ba Hajara matarsa haƙuri, ka raya Amira, ka ba ni ƙarfin riƙe ta kamar yadda na riƙe ubanta. Amin.